Kunyar da Take Hana Yaro Sanin Wanka

Bayan sallar Juma'a a Gwarzo, wani saurayi ɗan Kabo ya ja ni gefe, kansa a sunkuye: "Allah gafarta Malam, shekara biyu ke nan ina mafarki, ban san wanka ya hau kaina ba." Mahaifinsa kuwa ɗan sahun gaba ne.

Ban ga laifin yaron ba. A gidan da uwa ba ta iya kiran sunan ɗan farinta, wa zai zaunar da shi kan janaba? A da, kaka da gwaggo ne suke ɗauke wannan nauyi. Yau waya ta gaje su, ita kuwa ba ta da kunya ko ta anini.

Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah (SAW) hukuncin mafarkin mace, ya ba ta amsa. Nana A'isha ta yabi matan Ansar domin kunya ba ta hana su fahimtar addini ba. Ahalari ma, da ake biya wa yara a Islamiyya, bai tsallake babin haila ba.

Ya kai uba, idan bakinka ya yi nauyi, wakilta kawunsa. Ke uwa, tambayi 'yarki wane ne yake zuwa zance, me yake turo mata da daddare, kuma ki saurara kafin ki fara faɗa.