Inda Araha Ta Yi Ado

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a kasuwar kayan ɗaukar hoto maganar takan tabbata. Sai dai akwai lungu guda da karin maganar ke yin tuntuɓe a cikinsa: ƙananan gilasai masu faɗin gani, na milimita 21, 25, 28 da 35, waɗanda ake ɗaura wa kyamara mai auna nisa, wato irin su Leica M, da ake saita hotonsu ta hanyar haɗa siffofi biyu su zama ɗaya a tagar leƙe. Mutane da yawa na ɗaukar irin waɗannan gilasai a matsayin abin rage zafi kafin aljihu ya yi nauyi. Wannan fahimta ta kauce hanya, domin ƙanƙantarsu da sauƙin kuɗinsu da ingancinsu duk daga tushe ɗaya suka fito.

Tushen shi ne rashin madubi. A kyamarar da ake leƙa hoto ta cikin gilashinta, akwai madubi tsakanin gilashi da fim, wanda ke ɗagawa sama a duk lokacin da aka danna maɓalli, kuma dole a bar masa wurin motsi. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin mazaunin gilashi da fim a Nikon F ta kai milimita 46.5, alhali a Leica M, wadda ta fito a 1954 ba tare da madubi ba, milimita 27.8 ce kacal. Gilashi mai faɗin gani kuwa, bisa ɗabi'arsa, so yake ya matsa kusa da fim. Lokacin da kamfanin Nikon ya fitar da gilashin milimita 21 don kyamarar F a 1959, sai an ɗage madubin an kulle shi kafin gilashin ya shiga, mai hoto kuma ya koma leƙe ta wata taga ta daban. Mafitar da ta ɗore ita ce wadda Bafaranshe Pierre Angénieux ya kawo a 1950: a sa babban gilashi a gaba wanda zai ba sauran damar ja da baya daga fim. Dabarar ta yi aiki, amma da ladanta: girma, nauyi, da layukan gini da kan ɗan lanƙwashe a gefen hoto.

Kyamara mai auna nisa ba ta da wannan larura. Biogon mai milimita 21 da Ludwig Bertele ya zana wa kamfanin Zeiss, wanda ya fito a 1954, rabinsa na gaba da na baya kusan kama ɗaya suke, har aibin wannan yana goge aibin wancan. Bango yakan fito a miƙe, gilashin kuma rabinsa a ɓoye yake cikin kyamara.

Sai batun ƙofar haske, inda kuɗi ke tafiya. Gilashin da ke buɗewa har f/1.4 yana shigar da haske ninki takwas na wanda ya tsaya a f/4, kuma kowane mataki na wannan buɗewa yana neman gilasai manya da gyara mai tsada. Summilux na Leica mai milimita 21 da f/1.4 ya haura rabin kilo. Color-Skopar na Voigtländer mai milimita 21 da f/4 bai kai giram 150 ba, farashinsa kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Abin tambaya shi ne me ƙarin kuɗin ke saya. Mai ɗaukar hoton titi ko kasuwa ko gini yana son komai ya fito garau daga gaba har baya, don haka a f/8 yake yini. A wannan ƙofa, idan aka saita gilashin milimita 21 a kusan mita biyu, duk abin da ke daga mita ɗaya har iyakar gani zai fito sarai, ba sai an sake taɓa saiti ba. Da rana tsaka ma, kyamarar fim da saurinta bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, ba ta iya amfani da f/1.4 sai an sa wa gilashin mayafin rage haske. Wato mutum ya biya kuɗin haske, sannan ya sake biyan kuɗin tare shi.

Wanda ya gane wannan lissafi ya mai da shi kasuwa shi ne Hirofumi Kobayashi, shugaban kamfanin Cosina da ke lardin Nagano a Japan. A 1999 kamfanin ya fara ƙera kaya da sunan Voigtländer, tsohon suna da ya samo asali a Biyana tun 1756. Kyamarar farko, Bessa L, ba ta da tagar leƙe, ba ta da ma'aunin nisa. Akwati ne mai auna haske, aka haɗa shi da gilasai biyu, na milimita 15 da na 25. Na 25 ɗin yana da ƴan matsayai da yatsa ke ji, a mita ɗaya, ɗaya da rabi, da uku, ta yadda mai hoto zai saita shi ba tare da ya sauke ido ba. Kafin wannan lokaci, gilashin milimita 15 ga irin waɗannan kyamarori abu ne na masu tara kayan tarihi. Cosina ta mai da shi abin da ɗalibi zai iya tara wa kuɗi. Daga baya kamfanonin Sin irin su TTArtisan da 7Artisans sun bi sawu, suka ƙara karya farashi, ko da yake ba kowane gilashinsu ke zuwa da saiti daidai daga masana'anta ba.

Kowane allazi da nasa amanu. Kusurwoyin hoto sukan yi duhu-duhu, abin da wasu ke so, wasu ke ƙi. Tagar leƙen mafi yawan kyamarorin M ba ta nuna abin da ya fi milimita 28 faɗi, don haka sai an ɗora wata taga a sama, ita ma da kuɗinta. Da daddare a cikin ɗaki, f/4 yakan gaza. Wanda aikinsa ya fi yawa a irin wannan wuri yana da hujjar sayen babban gilashi, kuma babu mai ganin laifinsa.

Babbar matsalar ta zo ne da zamanin dijital. Fim ba ya damuwa da ta wace fuska haske ya faɗo masa, amma farantin da ya maye gurbinsa yana son haske ya zo masa kai tsaye. Gilashin da ya matso kusa yana jefa haske a karkace zuwa gefuna, sai launi ya gurɓata, gefen hoto ya yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi. Leica ta magance wani ɓangare da sake tsarin farantinta da kuma lambobin da take bugawa a gindin gilasanta tun 2006, don kyamara ta gane gilashin ta gyara hoton da kanta. Cosina kuwa sai da ta sake zana na milimita 15 a 2015, ya fito ya fi na farko tsawo da nauyi. A shekarar ce kuma ta daina ƙera kyamarorin Bessa, lamarin da ya bar gilasai masu araha suna neman mazauni a kan kyamarori masu tsada, ko a kan tsofaffin na fim da farashinsu ke ta hawa a kasuwar gwanjo.