Tuƙin jirgi marar matuƙi: sai da ilimi, sai da takarda

A Gaya kowa ya san cewa wanda ya sayi mota bai zama direba ba, sai ya koyi tuƙi, ya ci jarrabawa, ya karɓi permi. Yau ga wata sabuwar sana'ar tuƙi ta shigo ƙasa, wato ta ƙananan jirage marasa matuƙi da ake kira dron. Mai tuƙin yana tsaye a ƙasa da na'ura a hannunsa, jirgin kuwa yana sama yana ɗauko hoton gonaki da garuruwa. Ita ma wannan sana'a tana da ƙa'idarta, kuma ya kamata samarin jihar Doso su shige ta ta ƙofa, kada su haura ta katanga.

Amfanin abin ba ɓoyayye ba ne. Yankin Gaya yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Akwai shinkafa a gandarin Tara, akwai rake a fadamu, akwai giginya a Dallol Mauri. Filin da ma'aikacin gona zai kwana biyu yana zagayawa a ƙafa, jirgin yana duba shi da safiya guda, ya nuna inda ruwa ya kwanta da inda shuka ta yi rauni. Ambaliyar 2020 da ta 2024 sun koya wa mazauna bakin kogin Kwara cewa taswira mai kyau tana ceton gida da rumbu.

Wasu ƙasashe sun riga sun yi nisa. Tun 2016 kamfanin Zipline yake kai jini asibitocin karkara a Ruwanda da irin waɗannan jirage. Ya fara aiki a Gana a 2019, a jihar Kaduna kuma a 2022. A Malawi, hukumar UNICEF ta buɗe makarantar koyon wannan aiki a 2020. Nijar ma ba a bar ta baya ba, domin ɗan ƙasa Abdul Aziz Kunce ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai.

To, amma aikin ba wasan yara ba ne. Matuƙi na ƙwarai sai ya san dokokin sararin sama, ya iya karanta taswira, ya gane halin iska da hazon hunturu. Sai ya san cewa batirin ƙaramin jirgi ba ya wuce kimanin rabin awa. A ƙasashe da dama doka ta hana a ɗaga shi fiye da mita 120, ko a bar shi ya ɓace wa ido. Bayan karatu akwai gwajin hannu, kana a ba mutum takardar shaida. Mai wannan takarda shi ne ma'aikatu da kamfanoni suke ba kwangila.

A Gaya maganar ta fi nauyi. Benin tana ƙetaren kogi, Kamba ta Nijeriya tana nan kusa. Jirgin da aka tayar da jahilci yana iya tsallaka iyaka cikin ƴan mintoci, ko ya bi ta kan barikin soja ko ofishin duwan. A wannan zamani da ƴan ta'adda suke amfani da irin waɗannan na'urori a Sahel, jami'in tsaro ba zai tsaya tambayar niyyar mai jirgi ba. Ganganci ɗaya ya isa ya kai yaro gidan kaso, ya kuma jawo wa masu bin doka hani. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka akwai nauyi a wuyan hukuma. Rufe gadar Malanbil a 2023 ya raba samari da yawa da abin yi, kuma ba kowane uba ke iya aika ɗansa karatu Yamai ba. Ƙasa ba ta rasa wuraren da za su ɗauki wannan aiki ba. Ga hukumar ANAC mai kula da zirga-zirgar jiragen sama. Ga makarantar EAMAC da take horar da ma'aikatan jiragen sama da na yanayi tun 1963. Ga jami'ar Doso da aka kafa a 2014. In suka haɗa kai, ana iya kawo horo da jarrabawa Doso, kilomita 150 ke nan daga Gaya, a kuma fassara dokokin cikin Hausa da Zabarmanci da Dandanci, don kada wani ya ce bai sani ba.

Su kuma iyaye da suka yi yaƙi da jahilci sun san darajar takarda. Su ja kunnen ƴaƴansu, maza da mata, su fara neman ilimi da izini kafin su zuba kuɗi a na'ura. In ƴan ƙasa ba su koya ba, baƙi ne za su zo su auna gonakin Gaya, a biya su, su tafi.