Bindiga, Sifana Da Garma: Tunawa Da 'Yan Bama Na Ƙasar Zazzau

Duk wanda ya tashi a Zariya ya san Barikin Chindit, inda Daffo take, wato wurin da ake horar da kuratan soja tun shekarar 1924. Amma a tsayar da matasa goma a Ƙofar Doka a tambaye su ma'anar wannan suna, da wuya a sami ɗaya da zai amsa. Chindit sunan wata rundunar Ingila ce da ta yi yaƙi da Jafanawa a dazuzzukan Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau, kuma a 1944 akwai bataliya uku na sojan Nijeriya a cikinta. Haka Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da Myohaung da Arakan a Ikko, duk sunayen wurare ne na can. An rubuta sunan daji da na kogi a ƙofar bariki, amma talakan da ya zubar da jininsa a wurin ya shige ƙasa babu mai ambatonsa.

Wane ne wannan talaka? Yawanci ɗan manomi ne daga ƙauyukan Giwa ko Soba ko Makarfi ko Kudan, wanda bai taɓa ganin teku ba. Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, ya yi zafi, sai Turawan mulkin mallaka suka buƙaci mutane. Zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru ne, umarni kuwa yakan sauko daga Razdan ya bi ta kan hakimi da dagaci har ya dira a ƙofar gidan mai rauni. Wani ya tafi da ƙafarsa saboda kwaɗayin kaki da albashi, wani haraji ya kore shi, wani kuwa miƙa shi aka yi don a cika lissafi. A waɗannan shekarun ne, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos. Abin takaicin shi ne, rundunar da aka sa shi a ciki ita ce wadda Lugga ya kafa a 1897, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ta shafe Satiru a 1906. Cikin shekaru 40 kacal, jikokin waɗanda aka ci da yaƙi sun zama masu kare daular da ta ci su.

Daga Daffo sai jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan sai jirgin ruwa na makonni zuwa Indiya. Runduna ta 81 ta isa a 1943, aka tura ta kwarin Kogin Kaladan, inda sojojin suka sare hanyar mota ta fiye da mil 70 a cikin duwatsu da ƙungurmin daji, da adda da diga da shebur. Da yawansu ko bindiga ba a ba su ba, dako suka yi, harsashi da abinci a kansu, alhali ana harbinsu. Zazzaɓi da atuni sun kwantar da mutane kamar yadda harsashi ya yi. Runduna ta 82 ta biyo baya, kuma a Janairun 1945 rundunonin biyu suka kama garin Myohaung. Da Hausar bariki ake ba da umarni, da Hausa kuma mai rauni ke kiran mahaifiyarsa. Waɗanda ba su dawo ba, wasunsu sunayensu na nan a jikin dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon, inda da wuya a ce wani nasu ya taɓa zuwa.

To, me aka saka masu da shi? A 2019 aka bankaɗo wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945 game da kuɗin sallamar sojojinta na Gabashin Afirka: kurtu Bature sule 10 a kan kowane watan da ya yi, baƙar fata sule 3 da sisi. Wannan ya isa ya nuna ma'aunin da aka auna jinin ɗan Afirka da shi. A 2021 kuma hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila ta amsa da bakinta cewa dubun dubatar 'yan Afirka da Asiya da suka mutu mata a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a ko rubuta sunayensu ba. Haƙurin da aka bayar ya zo ne bayan masu haƙƙin sun daɗe da zama ƙasa.

Abin da ɗan Bama ya dawo da shi mai amfani yana hannunsa ne. Yaƙin ya buƙaci direbobi da makanikai, don haka dole aka koya wa wasunsu tuƙi da kwance inji. Da aka sallame su bayan yaƙin, irin wannan mutum ya ajiye lambobinsa a ƙasan adaka, ya nemi inuwar bishiya a Tudun Wada ko Sabon Gari, ya shimfiɗa sifana da filaya da jak. Manyan motocin da ke kwaso auduga da gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi, irinsa ne ke tayar da su idan sun mace. Yakan saurari kukan inji ya faɗi ciwonsa kafin a buɗe. Yaran da iyaye suka kawo masa ya horar da su da tsanani irin na bariki: sammako, wanke kayan aiki, da mayar da kowace sifana mazauninta. Su ma suka yaye wasu. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, an sake kiran wasu daga cikin waɗannan tsofaffin sojoji, suka koma fage da furfura.

Duk da haka bai saki gonar gado ba. Da ruwan farko ya sauka yakan bar gareji a hannun babban yaronsa ya koma ƙauye ya yi huɗa, ya shuka dawa da gero, ya yi noman fari da maimai da hannunsa. Wanda ya taɓa jiran jirgin sama ya jefo masa abinci a daji ya san darajar rumbu. Fansho na iya makara, mai mota na iya cin bashi, amma damin dawa ba ya saɓa alkawari. Da garma da sifana ya ciyar da iyali, ya aurar da 'ya'ya, ya sa su a makaranta. Bindigar kuwa tun ranar sallama aka karɓe abarsu.

A nan ne darasin yake ga matasa 'yan'uwa. Har gobe akwai masu neman ƙarfin saurayi da arha: ɗan siyasar da ke raba gora da ƙwaya lokacin zaɓe, da mai kuɗin da ke son a tare masa faɗan da 'ya'yansa ba za su leƙa ba. Shi ɗan Bama yana da uzuri, domin a ƙarƙashin bulala ya tashi, kuma babu wanda ya bayyana masa don wa zai mutu. Saurayin yau da ya yi karatu, yake riƙe da labarin duniya a wayarsa, wane uzuri gare shi? Kafin ya ba da ƙarfinsa, ya tambayi kansa: wa zai amfana, kuma wa zai tuna da shi? Wanda kuma ke raina baƙin mai a riga ko kanta a tafin hannu, yana zaman jiran aikin ofis, ya sani cewa abin da yake rainawa shi ne ya rufa wa kakansa asiri a lokacin da daular Ingila ta juya masa baya.

Lokaci kuwa ya ƙure. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 ya cika 100 a 2025, wanda ya shiga a 1967 ya haura 75. Ya kamata kowane matashi ya bincika a gidansu da unguwarsu. Idan akwai tsohon soja da ya rage, a je a durƙusa a gaishe shi, a ce Baba a ba da labari, a ɗauki muryarsa a waya. Idan ya rasu, a tambayi matarsa da 'ya'yansa, a buɗe adaka a duba takardar sallama, a rubuta sunansa da ƙauyensa da bataliyarsa da sana'arsa, a kuma duba ko iyalinsa na da abin kai wa baka. Tarihin da masu shi ba su rubuta ba, wanda ya cuce su ne zai rubuta masu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Bama da waɗanda suka dawo suka kwanta a gida, Ya yafe masu kurakuransu, Ya sa wa zuriyarsu albarka.