Ciniki Da Kasuwa: Nawa Ce Tsohuwar Landiroba?

A ce yau ga wata tsohuwar Land Rover, wadda jama'a ke kira Landiroba, an fito da ita daga bayan wani gida a Bukuru, an wanke ta, an rubuta mata alamar sayarwa. Magada suna son a raba kuɗi, dillali kuma yana rantsuwa cewa tun zamanin Turawan kuza take, ko ɗigon tsatsa babu a jikinta. To, nawa ya kamata a taya?

Maganar dillali gaskiya ce, amma ba ta da amfani ga mai saye. Lokacin da kamfanin Rover na Ingila ya fito da wannan mota a 1948, ƙarfe ya yi wuya saboda Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba, sai aka yi gangar jikinta da alminiyam, wanda ba ya tsatsa. Saboda haka ko ta shekara 60 a cikin ruwan Jos, jikin zai yi ta kyalli. Inda ajalinta yake shi ne ƙarƙashi, watau shasi, da kuma allon da ya raba injin da direba, don su da baƙin ƙarfe aka yi su. Mai hankali sai ya shimfiɗa buhu ya kwanta, ya bi shasin da guduma tun daga gaba har baya. In ya yi ƙara tangaran, madalla. In kuwa ya amsa a dushe, ko jar ƙasa ta zubo tare da ɓarɓashin ƙarfe, to, damina ta gama da shi daga ciki.

A nan motar Filato ta fi 'yar'uwarta ta Ingila sa'a, domin can ana zuba gishiri a tituna lokacin ƙanƙara, shi kuwa gishiri maƙiyin ƙarfe ne. Abin da ke kashe tamu shi ne lodi. Wadda ta yi shekaru tana jigilar dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, da wuya a rasa walda bisa walda a ƙugunta.

Farashinta kuwa uku ne, gwargwadon mai tayi. Masu sayen gwangwan awo za su yi mata, su sassare jikin, ya ƙare a wurin masu zubin tukwane. Manomi zai taya ta a kan aikin da za ta yi masa, bai damu ba ko an cire injinta na asali an ɗora na wata mota, in dai za ta hau dutse kuma ana samun kayan gyaranta a Dilimi. Na uku shi ne mai sha'awar tsoffin motoci, wanda ya fi kowa kuɗi, ya kuma fi kowa tsirfa. A 2016 kamfanin da kansa ya shiga sabunta samfurin farko, na 1948 zuwa 1958, yana sayar da kowace guda daga fam dubu 60 zuwa sama. Amma fa irin wannan mai saye lambar shasi yake fara dubawa, sannan ta injin, ya ga ko sun dace da shekarar da ake faɗi. Sabon fenti ma rage mata daraja yake yi a idonsa.

Saura batun sitiyari. Kafin ran 2 ga Afrilu 1972 hannun hagu ake bi a Nijeriya, don haka motocin da suka shigo kafin nan sitiyarinsu a dama yake. Da yawa an juya su daga baya. Wadda aka bari yadda take ita Bature ke so, amma ita ce hukumar kiyaye haɗurra ba ta yarda ta hau titi ba. Magada sai su zaɓi wanda za su sayar wa tun kafin bakanike ya taɓa ta da sifana, su kuma nemo takardunta a akwatin marigayi, don in babu su, mai awo kaɗai ne zai yi tayi ba tare da fargaba ba.