Hoton Gowon Da Takardar Ƙunshin Ƙosai

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a bakin wasu 'yan uwana marubuta wadda ta ishe ni. Wai duk mai tara hotunan shugabanni, musamman masu ɗauke da sa hannu, ko dai ɗan fadanci ne ko kuma ya rasa aikin yi. Da ka fito da tsohon hoton Janar Yakubu Gowon sai a taɓe baki, a ce me za a ci da hoton soja? To ni na ce ba haka ba ne, kuma mu Zazzagawa mu ya fi kamata mu ji kunyar wannan magana.

Mutumin nan a Wusasa ya tashi, nan bayanmu. A Zariya ya yi sakandare, makarantar da yau ake kira Barewa. Ya hau mulki a 1966 yana ɗan shekara 31, ya jagoranci yaƙin basasa daga 1967 zuwa Janairun 1970, da aka gama kuma ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Shi ya kawo bautar ƙasa a 1973, da shi aka kafa ECOWAS a 1975. Amma ka zaga daga Gyallesu zuwa Tudun Wada har Sabon Gari, gida nawa ne za a ɗauko maka hotonsa na wancan zamani bai sha ruwa ba? Gara ta ci wasu, yara sun yaga wasu, tsofaffin jaridu kuwa tuni mai ƙosai ta ƙunshe da su. A garin da aka shekara da shekaru ana buga Gaskiya Ta Fi Kwabo fa!

Masu sukar sukan ce ai hannunsa ba a wanke yake ba. Wa ya ce a wanke yake? An yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa a yaƙin nan, yunwa ta kashe ƙananan yara a Gabas. A 1974 ya janye alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, aka kuma kifar da shi ranar 29 ga Yulin 1975 yana wajen taro a Kampala. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ajiye hoton mutum daban, wanke shi daban. Ko mai son kai shi ƙara gaban tarihi, da wace shaida zai je in an bar gara ta cinye?

Kuma hoto yana magana, in ka iya saurare. Dubi kafaɗarsa. In Laftanar Kanar ne, farkon hawansa ke nan. In Manjo Janar ne, ka san an shiga 1967. Cikakken Janar kuwa sai daga 1971. In ka gan shi cikin kayan gida da furfura, to wannan dattijon ne da ya koma aji a Ingila bayan an tuɓe shi, ya samo digirin dakta a Jami'ar Warwick, ya dawo yana yawon kiran a zauna lafiya. Jera huɗun nan a tabarma, ka ba yaro tarihin ƙasarsa ba tare da allo ba. Sa hannun da kwanan watan su ke tabbatar da cewa takardar nan ta ratsa hannunsa a rana kaza, ba ji-ta-ji-ta ba.

Mu marubuta ma abin ya fi shafa. Littafi nawa muka cika da Kyaftin wane da Manjo wane masu sace zuciyar 'yan mata, alhali marubucin bai san bambancin anini da anini a kafaɗar soja ba? Da muna duba irin waɗannan hotuna, da an rage yi mana dariya.

Inda zan yarda da masu suka wuri ɗaya ne. Akwai masu rataya hoton babban mutum a falo don baƙo ya ɗauka suna da hanya a sama. Wannan ba mai tarawa ba ne, ɗan burga ne, kuma shi ake sayar wa na jabu. Mai tarawa na gaskiya yana juya hoton ya duba hatimin mai ɗauka, ya karkata shi a haske ya ga ko tawadar biro ce ta hau takarda, ko kuwa tare aka buga su a inji.

Don haka mai karatu, in akwai irin wannan a akwatin Baba ko ƙarƙashin gadon Hajiya, don Allah ka ciro shi. Kada ka kai a manne shi da leda mai zafi, lalata shi za a yi. Sa shi a ambulan, nesa da danshi, ka rubuta a baya da fensir wanda ya bayar da shekarar. In ba za ka iya riƙewa ba, ga Arewa House a Kaduna, ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. Gowon ya cika shekara 90 a 2024, waɗanda suka karɓi hotunan nan hannu da hannu kuma kullum raguwa suke. Ranar da babu mai cewa ga inda aka ɗauka, hoton ya zama takarda kawai.

Wanda ke da ja, fili a buɗe yake. Allah Ya sa mu gane.