Kwana Uku, Huɗu Ko Bakwai A Kan Kogin Nilu: Wanne Ya Kamata Mutum Ya Biya?



Ranar Asabar da ta wuce, bayan an tashi daga taron ƙungiyarmu ta marubuta, muhawara ta ɓarke a bakin ƙofa, har aka kira la'asar ba mu watse ba. Ɗaya daga cikinmu ne ya jawo ta, wanda aka ɗaura wa aure kwanan nan. Shekara biyu yana zubin adashi domin ya kai amaryarsa Masar, su shiga irin jiragen ruwan nan na shaƙatawa da ke yawo a kogin Nilu. Kamfanin da ya tuntuɓa ya turo masa tsari uku: mai kwana uku, mai kwana huɗu da mai kwana bakwai. Kuɗin hannunsa zai ɗauki biyun farko ba tare da matsi ba, amma mai kwana bakwai sai ya ci bashi. Wasu suka ce masa tunda zai biya kuɗin jirgin sama har Alƙahira, ai gara ya yi mai gaba ɗaya. Wasu kuma suka ce kwana uku ma ya yi yawa, hoto ne dai za a ɗauka a dawo.

Mu dai matsayarmu ita ce ya ɗauki mai kwana huɗu, in an sami rarar kuɗi ya ƙara kwana biyu a otal a garin Aswan. Mun kawo maganar nan ne saboda Masar ba baƙuwar ƙasa ba ce a wurinmu. Muna da ɗalibai a Azhar, muna da masu zuwa asibiti, muna da 'yan kasuwa, kuma da yawansu an taɓa miƙa musu irin wannan takardar tsari sun rasa yadda za su karanta ta.

Mu fara da sanin ko mene ne ake sayarwa. Yawancin waɗannan jirage tsakanin garuruwa biyu kawai suke kai da kawowa, Luksor da Aswan, a kudancin Masar. Nisan ya ɗan haura kilomita 200, wato kusan kamar Kano zuwa Kaduna. Jirgin ƙasa yana cinye shi cikin awa uku ko sama da haka kaɗan. Shi jirgin ruwan otal ne da ke kan ruwa: ɗakunan kwana, wurin cin abinci, da fili a sama inda ake zama a kalli kogi. A hanya yana tsayawa a wurare biyu. Akwai Idfu, inda wani tsohon ɗakin bauta yake wanda aka fara gina shi a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) kuma har yau yana tsaye da rufinsa. Akwai kuma Kom Ombo, inda ake nuna busassun gawarwakin kadoji da mutanen da suka adana. A garin Isna kuma akwai madatsa a tsakiyar kogi, sai jirgi ya shiga wani wuri mai ƙofa gaba da baya, a ƙara ruwa ko a rage, a ɗaga shi ko a sauke shi, sannan ya wuce. Jirage sukan yi layi a wurin, wani lokaci a daɗe ana jira.

Ko ka biya kwana uku, ko huɗu, ko bakwai, waɗannan wuraren dai za ka gani. Bambancin yana cikin yadda aka raba lokacin, kuma a nan ne ake yi wa mutane wayo da lissafi.

Mai kwana uku yawanci daga Aswan yake tashi ya gangaro Luksor, domin ruwan Nilu arewa yake gudu, jirgin yana bin ruwa ne. Ranar farko ka shiga jirgi da rana, a kai ka ka ga babbar madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970, da ɗakin bautar Fila da ke kan tsibiri, ka dawo ka kwana jirgin bai motsa ba. Rana ta biyu ya tashi, a tsaya Kom Ombo, a kwana a Idfu. Rana ta uku a ga Idfu da sassafe, a wuce Isna, a isa Luksor. Da safiyar rana ta huɗu an sallame ka daga ɗaki. To, Luksor ita ce ke da mafi yawan abin gani: Karnak, da ɗakin bautar Luksor wanda masallacin Abul Hajjaj ke zaune a cikinsa, da Kwarin Sarakuna mai kaburbura sama da 60, ciki har da na Tutankamun da aka gano a 1922. Duk wannan sai a cusa maka shi cikin yini ɗaya da ɗan guntu, ga jakarka a mota, ga ɗan jagora yana duba agogo. Wanda ya biya kwana uku, cikakkun ranaku biyu ya saya, kuma gudu zai yi a cikinsu.

Mai kwana huɗu daga Luksor yake tashi ya haura Aswan, yana fuskantar ruwa, don haka ya fi tafiya a hankali. Daren da aka ƙara ɗin yana raba Luksor gida biyu: Karnak da ɗakin bautar Luksor a ranar shiga, Kwarin Sarakuna washegari da sassafe kafin rana ta yi zafi. Daga nan sai jirgi ya tashi, mutum ya hau sama ya zauna, ya ga gonakin rake da dabino, ya ga masunta da yara suna ɗaga hannu daga gaɓa, ya ga yadda koren fili ke ƙarewa kwatsam hamada ta fara. Wannan zaman shi ne abin da jirgin ƙasa ba zai ba ka ba, kuma shi ne dalilin shiga jirgin ruwan tun farko. Daren nan ɗaya da aka ƙara yana sayo maka abu na gaske.

Shi kuwa mai kwana bakwai, in ka duba takardar da kyau, za ka ga yawanci haɗa biyun nan aka yi: a haura Aswan cikin kwana huɗu, a juyo Luksor cikin kwana uku. Kogin nan dai ne, gaɓar nan dai ce, layin Isna sau biyu. Wuraren ziyara ba su ninku ba, an dai warwatsa su ne. Wasu jiragen sukan ƙara ziyarar Dandara, amma sai ka tambaya, kada ka ɗauka tana ciki. Kuma akwai abin da hoton talla ba ya nunawa: a Luksor da Aswan jirage jere suke a gaɓa, wannan manne da wancan, har sai ka ratsa ta cikin wasu kafin ka kai naka. Tagar da ka biya kuɗi domin ka ga kogi, da daddare bangon wani jirgin za ka iya gani ta cikinta. Yawan kwanaki yana nufin yawan irin waɗannan dararen.

Ba mu ce kwana bakwai ba shi da mai shi ba. Wanda ya raka mahaifiyarsa asibiti a Alƙahira, likita ya sallame ta ya kuma yarda ta yi tafiya, ƙafarta ba ta jure doguwar tsayuwa, wannan in yana da hali kwana bakwai ya fi masa. Sau ɗaya za a kwance kaya, babu hawa da sauka a tasha, ziyara ɗaya a rana sai hutu, ranar da ta gaji ta yi zamanta a ɗaki. Haka ma wanda aiki ya yi wa katutu, ba tarihi ya kai shi ba, so yake ya yi mako guda babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Waɗannan hutu suka je saye, kuma hutu suke samu. Amma matashi da matarsa, masu lafiya, zuwansu na farko, kuɗin adashi a hannu, ba su ne aka tsara wa wannan ba.

Hujjar masu cewa a yi mai gaba ɗaya tana da ƙarfi, bai kamata mu raina ta ba. Kuɗin biza da na jirgin sama daga Kano ko Abuja ba ya canzawa, ko kwana uku ka yi ko wata guda. Daga Alƙahira zuwa Luksor ma wata tafiyar ce, sama da kilomita 600, ko dai ka kwana a jirgin ƙasa ko ka sake biyan jirgin sama na kusan awa ɗaya. Wanda ya sha wannan wahalar duka don kwana uku, gaskiya ya yi asara. Mun yarda. Sai dai abin da hujjar ta tabbatar shi ne a daɗe a Masar, ba ta ce a daɗe a cikin jirgi ba. Kwana biyu a Aswan bayan an sauka sun fi kwana uku na komawa baya. Mutum zai shiga kasuwa da ƙafarsa ya yi cinikin zoɓorodo da kayan ƙamshi, ya hau ƙaramin kwalekwale mai filafilai da yamma, ya ziyarci ƙauyukan Nubawa, ya yi salla a jam'i a masallacin unguwa. Zai kuma iya zuwa Abu Simbil, mai nisan kusan kilomita 280 kudu da Aswan, wurin da aka yayyanka dutse guda aka ɗaga shi sama tsakanin 1964 da 1968 don kada ruwan madatsa ya cinye shi. Masu jirgi ma suna kai mutane can, amma da kuɗi daban, kuma tun kafin asuba za a tashe ka.

Wannan ya kawo mu ga kuɗin da ba a rubuta da manyan baƙaƙe ba. Abinci sau uku yana cikin farashi, amma abin sha, har ruwan roba, sau da yawa kai za ka biya, kuma farashin cikin jirgi ba na kasuwa ba ne. Akwai tukwicin ma'aikatan jirgi da na ɗan jagora, wanda su suke kira bakshish, kuma bisa yawan kwanaki ake lissafa shi. Akwai tikitin shiga wurare, wanda wani kamfanin yake haɗawa, wani ba ya haɗawa. Ko a Kwarin Sarakuna, tikiti ɗaya kaburbura uku yake buɗe maka, na Tutankamun kuma nasa daban. Kowane dare da ka ƙara yana jawo nasa ƙananan kuɗaɗen, su ne kuma ke cinye guzurin da aka ware don tsaraba.

Akwai kuma maganar da mutanenmu ba su cika faɗi ba sai sun dawo. Yawancin jiragen nan Turawa aka yi wa tsarinsu. Akwai mashaya, akwai wurin wanka a sama inda ake kwanciya shan rana, akwai daren kiɗa da rawa. Babu mai tilasta maka shiga, amma jirgi ba gari ba ne, babu inda za ka kauce sai ɗakinka. Alƙibla ma tana canzawa duk lokacin da kogi ya yi kwana, sai ka riƙa dubawa kafin kowace salla. Kwana huɗu mutum zai iya tsara kansa da iyalinsa a cikin wannan. Mako guda kuwa, wanda bai taɓa gwadawa ba bai san ko zai ji daɗi ko zai ƙosa ba, kuma in ya ƙosa a rana ta biyar babu mai mayar masa da kuɗinsa. Ga kuma zafi: daga Mayu zuwa Satumba zafin Aswan yakan haura digiri 40, shi ya sa aka fi zuwa tsakanin Oktoba da Afrilu.

In har mutum doguwar tafiya yake so da gaske, akwai ta. Wasu jirage ƙalilan suna tashi tun daga Alƙahira har Aswan, kusan mako biyu, suna bi ta Minya da Asyut da Suhaj, garuruwan da masu gajeren zango ba sa gani. A nan kowane ƙarin kwana sabon wuri ne. Amma wannan ta mai kuɗi da lokaci ce, ba ta ɗan difloma da ke jiran albashin ƙarshen wata ba.

Abin da ya fi damunmu a muhawarar ranar Asabar shi ne yadda kalmar bashi ta wuce kamar ba a ji ta ba. Mun san dalilin da ya sa bakwai ke da daɗin faɗi. In an dawo aka tambaye ka, "mako guda muka yi a kan ruwa" ya fi cika baki. Amma masu tambayar ba za su taya ka biya ba. Auren da bai kai shekara ba, kuɗin haya na tafe, wataƙila ma da hidimar suna a gaba, a ɗora masa bashi domin a sake kallon gaɓar da aka riga aka gani? Iya kuɗinka, iya shagalinka. Amarya kuma, wadda za a ci bashin da sunan faranta mata, ita ce za ta fara jin raɗaɗinsa a kuɗin cefane.

Saboda haka, duk wanda aka miƙa wa irin wannan takarda, kafin ya tura ko sisi ya nemi a rubuta masa amsar tambayoyi huɗu. Ƙarfe nawa ake shiga jirgi, ƙarfe nawa ake sallama? Dare nawa jirgin zai kwana a tsaye a gaɓa? Wane wuri ne doguwar tafiyar ta ƙara wanda gajeriyar ba ta da shi? Me da me ke cikin farashin, me za a biya daban? In amsar ta uku ta zo babu komai a cikinta, ka riƙe kuɗinka ka kashe su a tudu.

Shi dai ango mun ba shi tamu shawarar, ya ce sai ya zauna da amarya tukuna, wanda shi ne daidai, tunda da ita za a yi tafiyar. Waɗanda suka taɓa shiga jiragen nan, musamman ɗalibanmu na Masar, muna jiran gyaranku a inda muka kuskure.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya, ya tsare mu da bashin da babu dalili. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.