Ciyawa Mai Ƙaiƙayi Da Inuwar Rigasa

Wani malamin makaranta ya aiko yana tambayata labarin ciyawar nan mai taushin kara da kan tsiro gindin katanga da ƙarƙashin mangwaro da damina, wadda in yaro ya shafe ta sai fatarsa ta yi zafi ta tashi. Ya ce ko ƙarara ce?

A'a Malam, ba ita ba ce. Ƙarara dangin wake ce, tana hawan itace, ƙaiƙayinta kuwa a bayan kwanson 'ya'yanta yake. Wannan masana tsirrai suna ce da ita Laportea aestuans. Gashin jikinta kamar allurar likita yake, da rami a ciki. Da tsinin ya karye cikin fata sai ruwan zafin ya shiga. In an dafa ganyen zafin ya mutu, har a waɗansu ƙasashen Afirka ana miya da shi. Tana da wata 'yar'uwa a ƙasar Sin wadda ba ta harbi, tun zamanin da ake saƙa tufafi da zarenta.

To, abin da ya sa na tsaya a kanta, jama'a, shi ne tana nuna wa mai lambu ƙasar kirki. Ta fi son wuri mai inuwa da laima, inda ganye ya ruɓe ƙasa ta yi baƙi. Inda duk ta yi ƙiba, gwaza zai yi, citta da gangamau ma haka. Amma inuwa nake nufi, ba duhu ba: hasken hantsi ya riƙa ratsowa. Laima kuma nake nufi, ba tabo ba, gama in ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Manoman citta na Kachia da Kwoi sun san wannan, shi ya sa suke lulluɓe shukarsu da ganye da ciyawa. Mu kuwa sai mu share ganyen mu cinna masa wuta, watau mu ƙone taki da hannunmu!

Tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa a 2016 gine-gine sai ƙaruwa suke yi a Rigasa, mai sabon fili kuwa itace yake fara sarewa, sa'an nan ya malala siminti. Ina roƙon malamai, kowace makaranta ta ware gindin itace guda da za a daina sharewa. Bayan damina biyu yara su tona, su gwada ƙasar wurin da ta filin wasa.